Zane ya nuna aji ɗaya ya ninka wani sau uku, alhali tazararsu maki 6 ce: ina matsalar take?

Wata malama da ke riƙe da ofishin jarrabawa a wata makarantar sakandare ta aiko da tambaya. Ta ce ta zuba matsakaicin makin ajujuwa uku a manhajar lissafi ta Excel: na farko 68, na biyu 71, na uku 74. Da ta mayar da su zanen sanduna, sai sandar aji na uku ta fito kusan ninki uku na ta aji na farko. Shugaban makaranta ya ga zanen a taron malamai, nan take ya rufe malamin aji na farko da faɗa a gaban kowa. Tana son ta san abin da ya jawo haka, da yadda ake gyara lambobin da ke jere a gefen zane. Ta kuma ce akwai wani zanen na halartar ɗalibai rana-rana da ta so ta rage tsawon layinsa na ƙasa, amma ta nemi wurin saka iyaka ta rasa.

Malama, sannu da ƙoƙari. Lissafinki ba shi da kuskure, shi ma malamin da aka yi wa faɗa bai ci zomo ba, ratayar kawai aka ba shi. Ki koma ki dubi lambar da ke can ƙasan layin tsaye na gefen hagu. Za ki tarar ba sifili ba ce, wani abu ne kamar 64 ko 65. Idan daga 65 zanen ya fara, sandar mai 68 tsawon maki 3 kawai aka zana mata, mai 74 kuma tsawon maki 9. Ga ninki ukunki nan. An sare ƙafafun sandunan gaba ɗaya, kawunansu kaɗai aka kawo gaban taro.

Ba da gangan kika yi ba, Excel ce ta zaɓar miki. Tana da ƙa'idar da take bi idan an bar mata zaɓi: takan dubi lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta, in tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi ɗaya cikin shida na babbar, wato kusan kashi 16.7 cikin ɗari, sai ta fara ma'auni daga sifili. In tazarar ba ta kai haka ba, sai ta ɗauka cewa bambancin ne kike son gani da kyau, ta ɗago ƙasan ma'aunin kusa da ƙaramar lambar. Tsakanin 68 da 74 maki 6 ne, kashi 8 cikin ɗari na 74 ke nan, shi ya sa ta yanke. Da a ce wani aji ya ci 55, da zanen ya fara daga sifili ba tare da kin taɓa komai ba. Wannan ne ya sa mutum zai yi shekara yana zane lafiya lau, rana ɗaya kuma abin ya juya masa, ya rasa dalili.

Gyaran ba ya cin minti ɗaya. Ki kai linzami kan lambobin gefen hagu, kan lambobin kansu, ki danna maɓallin dama, ki zaɓi Format Axis. Ko kuma ki danna lambobin sau ɗaya ki haɗa Ctrl da 1. Faifai zai buɗe a hannun dama. Ƙarƙashin Axis Options akwai sashen Bounds mai gida biyu: Minimum, wato inda ma'auni zai fara, da Maximum, inda zai tsaya. Ki rubuta 0 a na farko, ki danna Enter. Ƙasa da su akwai Units: Major shi ne takin da ke tsakanin lamba da lamba a jikin layi, Minor kuma ƙananan tsaga ne da ba kasafai ake buƙatarsu ba. Tunda makin jarrabawa a kan 100 yake, ki sa Maximum 100, Major 20 ko 10. Da zarar kin rubuta lamba da hannunki, kalmar Auto da ke gefen gidan za ta koma Reset. Duk ranar da kike son mayar wa Excel da ragama, wannan za ki danna. Idan faifan ya buɗe kika ga batun launi da kauri maimakon lambobi, ki danna ƙaramin hoton sanduna da ke samansa, a nan saitunan suke.

'Yan'uwanmu na Nijar da kwamfutarsu ke Faransanci, su nemi Mise en forme de l'axe, sannan Limites. Su kuma tuna cewa a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, don haka rabi 0,5 ake rubuta shi, ba 0.5 ba.

Ga mai amfani da wata manhajar ba Excel ba: a Google Sheets, danna zanen sau biyu, shiga Customize, sannan Vertical axis, za ki ga gidajen Min da Max. Takin lambobi yana wani sashe daban mai suna Gridlines and ticks, inda za ki zaɓa ko dai yawan layukan da kike so ko girman takin. A LibreOffice Calc sai kin fara danna zanen sau biyu ya shiga yanayin gyara, sannan ki danna dama a kan lambobin, ki buɗe Format Axis, ki je shafin Scale, ki cire alamar Automatic daga gidan da za ki canza. Sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne. Shawarata ki yi wannan a kwamfuta, don manhajojin waya ba su cika kawo dukkan saitunan ba.

Danna maɓalli shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi shi wuya shi ne sanin lambar da ta dace a rubuta, kuma a nan nake son mu ɗan zauna.

Sanda da tsawonta take magana. Ido ba ya karanta lambobin gefe kafin ya yanke hukunci, tsawo yake aunawa da tsawo, kamar yadda mai sayen rake ke jera kara biyu ya ga wanne ya fi. Wanda ke zaune a bayan ɗakin taro ma ba ya ko hango lambobin. Saboda haka duk zanen sanduna, na tsaye ko na kwance, daga sifili ya kamata ya fara, kuma ban yarda da togiya a wannan ba. Na sha jin masu cewa ai in an fara daga sifili sandunan za su zama kusan kai ɗaya, bambancin ba zai fito ba. Amsata ita ce: to ai gaskiyar ke nan. Ajujuwan naki kusan kai ɗaya suke. Idan kina son a san wa ke gaba, ki sa lambar kowace sanda a kanta ta hanyar Add Data Labels, kowa ya karanta 68 da 71 da 74 da idonsa.

Zanen layi kuwa hukuncinsa daban ne, kuma a nan wasu ke wuce gona da iri, su ce kowane zane sai ya fara daga sifili. Layi ba tsawo yake nunawa ba, hawa da sauka yake nunawa. Ki ɗauki takardar da ma'aikaciyar jinya ke rubuta zafin jikin majinyaci. Jikin mai lafiya wajen digiri 37 yake, wanda ya kai 40 kuwa yana cikin hali mai tsanani. In aka zana wannan daga sifili zuwa 45, layin zai kwanta kusan shimfiɗe, zazzaɓin da ke neman ran yaro ya zama ɗan tudun da ba a lura da shi. Ma'aunin 35 zuwa 41 shi ne daidai a wurin. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki ita ce: a wannan abin da nake aunawa, wane bambanci ne babba a wurin masu aikin, wanne ne ƙarami? Sai ki zaɓi iyakar da za ta sa babba ya fito babba, ƙarami ya zauna a matsayinsa. Halartar ɗalibai da ke yawo tsakanin kashi 85 da 95 za ta iya zama a ma'aunin 70 zuwa 100 a zanen layi, babu laifi, muddin lambobin gefe suna karantuwa.

Akwai tarko a batun kashi cikin ɗari. Idan lambobinki na da alamar % a jikinsu, a wurin Excel kashi 100 lamba 1 ce, kashi 70 kuma 0.7. Sau da yawa za ki ga ta kai saman ma'auni 120%, abin da ba shi da ma'ana a halarta, don ba a zuwa makaranta fiye da kowa da kowa. Sai mutum ya je Maximum ya rubuta 100, zanen ya baje ƙasa, gefe ya nuna 10000%. Abin rubutawa shi ne 1 a Maximum, 0.7 a Minimum, 0.1 a Major.

Sai wata illa da ba ta bayyana ranar da aka yi ta. Lambar da kika rubuta da hannu ba ta motsi. Bayanai za su canza, ita tana nan inda kika ajiye ta. Duk wanda ke bin farashin dala a hukumance ya ɗaure saman ma'auninsa a 600 a farkon 2023, lokacin da take wajen naira 460, ya ga abin da nake nufi. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki farashin, kafin ƙarshen watan ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,400. Layin da ke irin wannan zane fita yake ta sama ya ɓace, sanduna kuma duk su tokare rufi su zama tsawo ɗaya, kuma Excel ba za ta yi gargaɗi ko da kalma ɗaya ba. Shi ya sa ɗabi'ata ita ce na ɗaure abin da ya zama dole kawai. A zanen sanduna nakan ɗaure ƙasa a 0, na bar sama a Auto ya bi bayanai. Nakan ɗaure sama ne idan abin yana da rufi na asali, kamar maki 100 ko kashi 100. Idan kuma fayil ɗin zangon bara kike kwafa ki zuba sabon sakamako, abu na farko da za ki duba shi ne waɗanne gidaje ne ke nuna Reset.

Wuri ɗaya da ɗaure sama ya zama wajibi shi ne inda za a jera zane biyu ko fiye a shafi ɗaya. Ki ce kin yi zanen yawan waɗanda suka ci Lissafi da wani na waɗanda suka ci Turanci. In kin bar su a Auto, ɗaya zai iya tsayawa a 60, ɗayan a 140, sandunan kuma su fito tsawo ɗaya a takarda. Mai karatu zai ɗauka an yi kunnen doki. Ki ba su ƙasa ɗaya, sama ɗaya, taki ɗaya. Excel ba ta ba da damar a haɗa gidan Maximum da wani gida na cikin shafi kai tsaye, sai an rubuta 'yar manhaja da VBA, harshen da ake rubuta wa Excel umarni da shi. Amma akwai dabarar da ba ta buƙatar wannan: ki ƙara wani jerin bayanai a kowane zane wanda ke ɗauke da lamba mafi girma ta dukkan bayanan, wadda umarnin lissafi na Excel mai suna MAX zai ciro miki, ki mayar da shi layi, ki cire masa launi, ki goge sunansa daga jerin sunayen gefe. Ba a ganinsa, amma yana tura saman kowane zane zuwa wuri ɗaya, matuƙar girman zanukan ɗaya ne.

Yanzu tambayarki ta biyu, layin kwance da kika nemi wurin saka iyaka kika rasa. Ba idonki ba ne, babu shi ne. A zanen sanduna da zanen layi, layin ƙasa ba ma'auni ba ne, jerin sunaye ne. Ko da lambobi kika rubuta a wurin, Excel kallon sunaye take musu: na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da fili daidai da na ɗan'uwansa. Ki rubuta 2015, 2016, 2023 a jere, za ta ba su tazara ɗaya, kamar babu shekara bakwai tsakanin biyun ƙarshe. Abin da za ki iya yi a irin wannan layi shi ne rage cunkoso: ƙarƙashin Labels akwai Interval between labels, in kin sa 5 sai ta riƙa rubuta suna ɗaya ta tsallake huɗu. Idan wani yanki kike son cirewa, sai dai ki rage bayanan ta Select Data, ko ki ɓoye layukan da ba kya so a cikin shafin, don Excel ba ta zana abin da aka ɓoye sai an umarce ta.

Hanya biyu ce ke mayar da layin ƙasa ma'auni na gaske. Ta farko, idan kwanan wata ne, ki zaɓi Date axis ƙarƙashin Axis Type. Nan take gidajen Minimum da Maximum za su bayyana da kwanan wata a ciki, ki kuma zaɓi taki na kwana ko wata ko shekara. Sai dai ki sani, wannan tsari yana ba kowace rana ta kalanda filinta, har Asabar da Lahadi da hutun tsakiyar zango, don haka zanen sanduna zai fito da giɓi duk mako. Ga halartar makaranta, ni na fi son Text axis, zaɓin da ke ɗaukar kwanaki a matsayin sunaye, ranakun karatu su jeru kafaɗa da kafaɗa. Ga abin da tazarar lokaci ke da muhimmanci a cikinsa, kamar nauyin jariri da aka auna a watanni marasa tsari, Date axis ne ya dace.

In kin zaɓi Date axis kika ga babu abin da ya canza, ko kwanakin suka hargitse, kusan kullum matsalar daga rubutun kwanan watan take. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, kwamfutoci da yawa kuwa da tsarin Amurka suke zuwa, wata kafin rana. Sai ki rubuta 05/03 kina nufin 5 ga Maris, ita ta karanta 3 ga Mayu. Ki rubuta 25/03, ta rasa wata na 25, ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai. Alamar ganewa mai sauƙi ce: kwanan wata na gaske yana jingina da gefen dama na gidansa, wanda ya zama rubutu yana jingina da hagu. Sai an gyara wannan kafin kowane saiti ya yi aiki.

Hanya ta biyu ita ce zanen ɗige-ɗige, wanda ake kira Scatter. Shi kaɗai ne a cikin waɗanda aka saba amfani da su layukansa biyu duk ma'auni ne, kowanne da Minimum da Maximum. Idan kina son ganin alaƙar yawan fashin ɗalibi da makin da ya ci, shi ne naki. In kin sa kwanan wata a cikinsa, kada ki firgita da ganin lambobi irin 45292 a gidajen iyaka. Excel ƙirga kwanaki take daga 1 ga Janairu 1900, wadda ta ba lamba 1. Lamba 45292 ita ce 1 ga Janairu 2024, ranar Litinin. In kin sa 45299 a Minimum da 7 a Major, kowace alama a layin za ta faɗo a ranar Litinin, daga 8 ga Janairu. Don sanin lambar kowace rana, ki rubuta ta a wani gida ki mayar da tsarinsa General. Awa ɗaya kuma kashi ɗaya ce cikin 24 na lamba 1, wato kusan 0.041667.

Sauran saitunan zan bi ta kansu da sauri. Idan kuɗin makaranta kike zanawa, sifilai sun cika gefe, Display units zai mayar da 12,000,000 ya zama 12, ya rubuta cewa miliyoyi ne. Kada ki goge wannan rubutun. Idan akwai lambobin da ke ƙasa da sifili, kamar watan da aka yi asara, sunayen layin ƙasa sukan hau kan sanduna, sai ki je Label Position ki zaɓi Low su sauka can ƙasa. A zanen sandunan kwance za ki ga jerin ya kife, na farko a shafi ya koma ƙasa. Categories in reverse order ne maganinsa, in lambobin suka yi tsalle zuwa sama kuma ki zaɓi At maximum category su dawo. Akwai kuma Logarithmic scale, ma'aunin da ke tafiya 1, 10, 100, 1,000, kowane taki ninki goma. Yana da amfani sosai ga masu nazarin abin da ke ninkuwa, kamar yaɗuwar annoba, amma ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da shi, bai dace da sanduna ba, kuma ba zan kai shi taron malamai ko na iyayen yara ba tare da na tsaya na yi bayaninsa ba.

Wanda nake jan kunne a kansa shi ne layin tsaye na biyu, na hannun dama, da ake samu ta Format Data Series a zaɓi Secondary Axis. Yana da ranarsa: yawan ɗalibai a ɗaruruwa a hagu, kashin waɗanda suka ci a dama. Amma da ma'auni biyu a hannun mutum, zai iya sa kowane layi biyu su rungumi juna ko su rabu, ta hanyar matsa iyaka kawai, mai kallo kuma ya ɗauka wata alaƙa ce aka gano. In dole sai kin yi, ki rubuta wa kowane gefe sunan abin da yake aunawa, ki ba lambobinsa launin layinsa, ki kuma daidaita yawan takin gefen biyu, misali 0 zuwa 500 da takin 100 a hagu, 0 zuwa 100 da takin 20 a dama, don layukan kwance su dace da duka biyun. Sau da yawa zane biyu, ɗaya a saman ɗaya, sun fi wannan fitar da magana.

Game da abin da ya faru a taron, ina ganin akwai haƙƙin malamin nan da ya kamata a mayar masa, kuma ke ce ke da hujjar a hannu. Ki buga zanen biyu a takarda ɗaya, tsohon a sama, gyararren mai farawa daga 0 zuwa 100 a ƙasa, da lambobi a kan kowace sanda. Ki zagaye lambar 65 ɗin nan ta tsohon da biro. Ki kai wa shugaban makaranta a ofishinsa ke da shi, kafin taro na gaba, ki nuna masa cewa maki 6 ne tsakanin aji na farko da na uku. In kin samu dama ki haɗa da yawan ɗaliban kowane aji da makin da suka shigo da shi a zangon baya, don shi ne zai nuna ko aji na farko gaba ya yi ko baya.